Yadda Malamin Muhawara Ya Kayar da Kansa

Ranar da ya fara ganinta a fusace yake, kuma ita ce ta fusata shi.

Gasar muhawara ce ta makarantun sakandare, a wani dogon zaure da fankokinsa ke juyawa suna kuka ba tare da sun kawo wa kowa iska ba. Shi ne mai horar da ɗaliban makarantarsu. Malamin mantiƙi ne, wato ilimin jera hujja daki-daki har ta kai ga sakamako, kuma abin ya shiga jininsa har ɗalibai suka laƙaba masa suna Saboda-Haka. Ko alli zai aika a ɗauko masa sai ya kawo dalili biyu, sannan ya rufe da wannan kalma. Sunan bai taɓa damunsa ba, a ganinsa ma yabo ne.

Batun ranar shi ne ko ya dace a kori masu talla daga bakin titi. Yaransa sun zo a shirye, da alƙaluman haɗurra da na cunkoso, kowace magana tana riƙe da hannun 'yar'uwarta. Yana zaune yana gyaɗa kai, har ya fara tunanin inda za a ajiye kofi a ofishin shugaban makaranta. Sai wata siririyar yarinya daga ɗaya ɓangaren ta tashi, ta ajiye takardarta, ta ba da labarin teburin mahaifiyarta da ke ƙarƙashin wata tsohuwar lema a bakin tasha, inda kayan makarantar da ke jikinta suka fito. Ɗaya daga cikin alƙalan gasa ya cire tabarau yana gogewa. Kofi dai ya bi yarinyar.

A baranda ya tare malamar da ta horar da yarinyar. Malamar adabi ce, doguwa, da ƙurar alli a gefen mayafinta, ta rungumo kofin kamar wadda ta ɗauko buta. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya shiga bayani, cewa labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, kuma sa mutane hawaye ba ya mayar da magana gaskiya. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta tambaye shi ko ƙarya yarinyar ta yi. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko masu tallar da ake maganar kora ba mutane ba ne. Ya ce ba nan gizo ke saƙa ba.

"Malam, ai kai ma ka karanta," in ji ta tana murmushi. "Malaman balaga na dā sun ce shawo kan mutum abu uku yake buƙata: hujja, da mutuncin mai magana, da halin da zuciyar mai sauraro take ciki. Kai ka ɗora tukunyarka a kan dutse ɗaya, kuma kana mamakin ta kife."

Ya san maganar sarai, yana ma koyar da ita a zangon farko, sai dai kullum yana ɗaukar biyun ƙarshe a matsayin ado. Ya buɗe baki zai ba da amsa ya tarar babu ita, abin da bai saba faruwa da shi ba. Abin da ya fito a madadinta shi ne roƙon lambar wayarta, wai don a ci gaba da muhawarar. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wannan kam dabara ce ba hujja ba, amma ta karanto masa.

Washegari ya tura mata saƙo:

"Assalamu alaikum. Na sake nazarin batun jiya. Har yanzu ina ganin alƙalai sun yi kuskure."

Ta amsa:

"Wa alaikumus salam. Kofin yana kan teburina, ya ce in gaishe ka."

Daga nan aka ɗora. Sukan haɗu a laburaren gari bayan an tashi daga makaranta, su zauna a teburin da ke kusa da taga, su yi ta musu ƙasa-ƙasa har mai kula da wurin ya buga musu biro a kan kanta. Sun yi musu a kan waƙa, sun yi a kan jarrabawa, sun yi har a kan ko shayi ya fi daɗi da madara. Ya sa mata suna Hamayya, ita kuma in tana son tsokanarsa sai ta ja sunan da ɗalibai suka ba shi har ƙarshe. A gida kuwa Auta ake kiranta. Ya lura tana sauraron mutum da fuskarta duka, kuma in ta kayar da shi ba ta tsayawa cin nasarar, sai ta tura masa biskit ta sauya zance. Wannan hali ya fi komai tafiya da shi, ko da yake ya kasa samo masa gurbi a cikin littattafansa.

Da abin ya ci ƙarfinsa, ta hanyar da ya iya ya faɗa. Ya rubuta mata:

"Duk wanda ya wayi gari da tunanin mutum, ya yini da shi, yana ɗokin jin ra'ayinsa ko da zai saɓa masa, to son mutumin yake. Ni kuwa haka nake da ke. Saboda haka..."

Ya tura a haka, ya zauna yana kallon waya. Can ta amsa:

"Ƙarasa mana. Ko sakamakon ne ya fi ƙarfinka?"

"Ina sonki, Hamayya."

"Ka ga wannan layi ɗaya ya fi na sama duka. Ni ma ina sonka, Malamina."

Ranar ɗalibansa suka ga abin mamaki. Wani ya kawo gurguwar hujja a aji, Saboda-Haka ya ce masa ya yi ƙoƙari.

Sai dai akwai Abba. Mahaifin Auta tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, mahaifiyarta ta rasu, yayyenta duk sun yi aure sun yi nisa. Idanun tsohon sun yi rauni, don haka kullum da yamma ita ke zama ta karanta masa jarida da tsofaffin littattafansa. Akwai kuma wani injiniya a gidan da ke jikin nasu, ɗan aminin Abba, mutum mai shiru wanda in famfonsu ya lalace sai dai su tarar an gyara. Shi ma ya nuna yana ciki, kuma Abba bai ɓoye cewa ya kwanta masa a rai ba. Auta ta gaya wa Saboda-Haka duk wannan ba ta rage komai ba, ta kuma gaya masa cewa ba za ta auri kowa ba sai da yardar Abba, ko da kuwa zuciyarta za ta tsage. Da Abba ya ce a turo malamin ya gan shi, roƙo ɗaya ta yi masa, ya saurara fiye da yadda zai yi magana. Ya ce ta kwantar da hankalinta, sauraro ai rabin aikinsa ne.

Ya same su a falo, Abba a kujerarsa da sanda jingine a gefe, ƙaninsa da ake kira Baffa yana zaune kusa. Aka gaisa, aka tambayi iyaye da aiki, komai lafiya lau. Sannan Abba ya gyara zama ya ce ya ji labarin yana koya wa yara su kare abu da safe su rushe shi da yamma. Ya ce shi ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar shari'a, kuma a abin da ya gani, waɗanda suka fi iya tsara magana su suka fi iya ƙarya. To mutumin da sana'arsa ke nan, ta yaya uba zai san ranar da yake nufin abin da ya faɗa?

Kowane saurayi mai hankali a nan zai sunkuyar da kai ne ya ce Allah ya ba shi ikon riƙe amana. Amma kunnen Saboda-Haka ya ji ƙamshin muhawara, nan take roƙon Auta ya bi iska. Cikin ladabi ƙwarai, wanda shi ya ƙara ɓata abin, ya ce yana da amsa uku. Ta farko, don wasu masu iya magana sun yi ƙarya, bai zama duk mai iya magana maƙaryaci ne ba. Ta biyu, kotu ba ta tara kowa sai waɗanda rigima ta kawo, don haka ba a auna jama'a da su. Baffa ya yi gyaran murya har sau biyu, bai ji ba. Ta uku, ya ce shi kansa Abba da magana ya yi aiki duk rayuwarsa, in kuwa ƙa'idarsa ta tabbata to ta hau kansa kafin kowa.

Baffa ya zuba wa silin ido kamar yau ya fara ganinsa. Abba ya laluba ya riƙe sandarsa.

"Ka yi gaskiya a duka ukun, Malam. Ba ni da amsa. Allah ya kiyaye hanya."

Bawan Allah ya fito bakinsa har kunne. Tun kafin ya kai bakin titi ya rubuta mata:

"Alhamdulillah, Hamayya. Na warware duk abin da ya kawo, shi da kansa ya ce ba shi da amsa."

Amsar ba ta zo ba sai da rana ta yi sanyi:

"Na ji komai ta taga. Ka kayar da Abba a cikin falonsa, a gaban ƙaninsa. Wa ya ce maka gasa aka kira ka? Ko abinci ya ƙi ci, kuma ya ce kada in sake kawo masa zancenka."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya kira ba ta ɗauka ba. Kwanaki suka shuɗe kujerarta a laburare babu kowa, shi kuwa yana zuwa ya zauna da littafi a buɗe ba ya ganin ko harafi ɗaya. Ana haka wata safiya ya hango ta a gaban motar injiniya, suna wucewa ta gefen makarantarsu. Kishi ya rufe masa ido, ya tura mata cewa ya ga sakamakon da idonsa, Allah ya sanya alheri. Wannan karon nan take ta amsa:

"Kai ne fa kake hana yara yanke hukunci daga misali ɗaya. Asibitin ido muka kai Abba, yana kishingiɗe a kujerar baya. Ban canza ba, Malamina. Fushi nake da kai, kuma ina da dalili."

Kunya ta kama shi, amma ya ɗan sami numfashi. Ya kwashi damuwarsa ya kai wa yayarsa, wadda ta raine shi, a shagonta na ɗinki. Yaya ta saurare shi da allura a baki, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tun yana yaro in aka ce masa ya ci abinci sai ya nemi dalili, yau ga shi dalili ya cinye shi. Ta ce ya koma ya ba tsohon haƙuri kawai, ya yi magana daga zuciyarsa.

Shawara ce mai kyau, amma ta faɗa hannun malami. Ya koma gida ya sauko da littattafan balaga, ya buɗe babin motsa zuciya, ya zauna ya tsara jawabi. Ya sa alama inda zai sassauta murya, da inda zai yi shiru, da inda zai sunkuyar da kai. Ya zo ya gwada a gaban dogon madubin shagon Yaya, ta leƙo ta tambaye shi ko cikinsa ke ciwo. Bai kula ta ba. Baffa, wanda tausayinsa ya kama, shi ya roƙar masa izinin komawa.

Wannan karon Abba shi kaɗai ne a falo. Saboda-Haka ya zauna a ƙasa ya fara. Ya ba da haƙuri, ya yabi tarbiyyar gidan, ya ambaci marigayiya mahaifiyar Auta da irin farin cikin da za ta yi da ta ga 'yarta a ɗakinta, sannan ya yi shiru daidai inda ya sa alama. Abba yana saurare idanunsa a rufe har aka kai ƙarshe.

"Shirun nan da ka yi bayan ka ambaci marigayiya," in ji Abba a hankali, "tun daga gida ka auno shi, ko?"

Ƙarya tana nan kusa, a kan harshensa ma take, kuma tsohon ba ya ganin fuskarsa sosai. Ya haɗiye ta ya ce e, tun daga gida ne.

Abba ya jinjina kai. Ya ce ya ji masu laifi da suka fi shi iya rawar murya, amma kaɗan ne a cikinsu suka amsa da aka tambaye su. Sannan ya ce tunda sana'arsa ce kare kowane ɓangare, to ga aiki.

"Ka kare nawa. Ka gaya mini dalilin da zai sa kada in ba ka Auta. In ka kawo raunanan hujjoji don ka faɗi da gangan, zan gane, kuma ka tabbatar mini da abin da nake zargi."

Saboda-Haka ya ga ramin da aka haƙa masa, ya kuma san babu hanyar kewaye shi. In ya yi aikin da kyau ya rasa ta, in ya yi ha'inci ya rasa ta tare da mutuncinsa. Ya fara da abin da ke kusa. Ya ce shi mutum ne mai taurin kai, mai son a ce shi ke da gaskiya, wanda bai san lokacin da ake yin shiru ba. Ya ce injiniya mutumin kirki ne, an san asalinsa, an ga aikinsa. Abba ya ɗaga hannu ya ce duk wannan ya sani, kuma ba su ne ke hana shi barci ba.

Hujja ta ƙare masa. Da ya rasa abin faɗa sai ya ɗaga kai, kuma a karon farko ya dubi falon da ya shiga har sau biyu bai gani ba. Ga wata 'yar kujera a manne da ta Abba, matashinta ya lotsa saboda zama. Ga jaridar yau a ninke a kanta, ba a buɗe ba, tana jiran a taso daga makaranta. Ga kwalaben magani a kan tebur, kowace an rubuta mata lokacin sha da manyan haruffa, da rubutun da ya sani. Kofin shayi biyu ne a kan faranti. Gidan babba ne, ɗakuna a rufe, kuma ban da agogon bango babu abin da ke motsi a cikinsa.

Ya fara magana a hankali, ba tare da ya san inda za ta kai shi ba. Ya ce mutum ne ya cika gida da 'ya'ya, suka tafi ɗaya bayan ɗaya, abokiyar zamansa ma ta tafi inda ba a dawowa. Idonsa ya daina kawo masa duniya, yanzu ta bakin yarinya ɗaya take shigo masa, kullum da yamma, a kan wannan kujera. In ta auri na jikin gida, katanga ce kawai tsakani, zai ji muryarta ko da ba da shi take ba. In ta auri wani baƙo, za ta riƙa zuwa da farko, sannan hidima ta yi yawa, sannan ya zama sai an kira. Kuma mutum irin Abba ba zai taɓa buɗe baki ya ce yana tsoron zama shi kaɗai ba, ya gwammace a ce masa mai tsauri.

Muryarsa ta sarƙe a inda bai sa alama ba. Ya tsaya ya share fuska da hannun riga.

"Sannan baƙon ya zo, maimakon ya ga wannan, sai ya tsaya ƙirga maka kurakurai. Da ni ne kai, Abba, ba zan bayar ba. Wallahi ina sonta, amma ba zan bayar ba."

Ya yunƙura zai tashi, don a iya saninsa ya gama kashe kansa. Sai labule ya motsa, Auta ta shigo da jakar makaranta a kafaɗa, idanunta jawur. Ashe ta daɗe da dawowa. Ta durƙusa a gefen mahaifinta ta riƙe hannunsa.

"Abba, ku biyu kun yi ta shari'a a kaina, babu wanda ya kira ni shaida." Ta yi ɗan murmushi cikin hawaye. "Shi nake so. Yana da surutu, yana da taurin kai, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai kuma da ka gaya mini abin da ke ranka, da na gaya maka tun tuni cewa babu auren da zai raba ni da wannan kujera."

Da tsohon ya buɗe baki, muryar ba ta alƙali ba ce. Ya ce abu na farko da aka koya musu shi ne alƙali ba ya zama a shari'ar da yake da amfani a cikinta, shi kuwa ya zauna a wannan, har ya kusa yanke hukunci don kansa. Ya ce ya sauka daga kujerar, magana tana hannun mai ita, ita kuma ta riga ta faɗa. Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Saboda-Haka ya fara cewa za su nemi gida kusa, Abba ya katse shi ya ce bai sa sharaɗi ba, kuma ya yi wa Allah ya bar maganar haka kafin ya ɓata ta. Sannan ya miƙo hannu yana laluben inda yake, ya dafa kansa ya kira shi ɗana.

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Yau ka faɗi warwas, Malamina, kuma ban taɓa sonka kamar yau ba."

Ya rubuta amsa mai tsawo, ya karanta, ya goge, ya tura mata:

"Na gode da kika jira ni, Hamayyata."

Ba a ja lokaci ba aka sa rana. Gidan da suka kama tafiyar ƙafa ce daga na Abba, su suka zaɓa da kansu, tsohon kuma ya yi kamar bai lura ba. Yaya ta ɗinka kayan amarya tana yi wa ango tsiya har ranar ƙarshe. Injiniya ya nuna shi ɗan halak ne, ya zo ya yi murna, da lasifika ta fara ƙara a wurin liyafa ma shi ya tashi ya gyara. Ɗaliban makarantun biyu suka cika wuri, ana ta musu a kan ɓangaren da ya ci.

Da aka zo sallamar amarya, Abba ya sa aka kawo su gabansa. Jama'a suna jiran doguwar nasiha daga tsohon alƙali. Ya kama hannun Auta, ya kama na mijinta, ya haɗa su a cikin nasa.

"Ku biyun nan Allah ya ba ku baki, kuma za ku saɓa, don babu gidan da ba a saɓawa. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da kuka saɓa, duk wanda ya ga shi zai yi nasara, to shi ya fara yin shiru."

Aka yi dariya, Baffa ya fi kowa. Ango bai yi ba, ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda. Abba ya ɗaga hannuwansu sama kaɗan, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai jin ƙai, ya sa gidansu ya cika da murya har tsufansu. Zaure ya amsa da amin. Auta ta matse hannun mijinta, shi kuma ya riƙe nata, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.